Fashin Baƙi: Me Ya Haɗa Fada Da Falsafa? Matsayin Katolika Kan Bangaskiya Da Hankali

Me ya sa yaron da ke son zama fada a cocin Katolika sai ya share shekaru yana karatun falsafa kafin a bar shi ya shiga tauhidi gadan-gadan? Tambayar nan ta daɗe tana yawo a Zariya, daga bencin mai shayi a Samaru har guruf-guruf na WhatsApp, amma ta ƙara samun gindin zama tun watan Mayun 2025 da aka zaɓi Fafaroma Liyo na 14, haifaffen Shikago ta Amurka, wanda ranar da ya fara fitowa gaban jama'a ya ce shi ɗan Agustin ne. Da aka ji cewa Agustin ɗin nan wani bishop ne masanin falsafa sai kowa ya ja zaren ta inda ya fi masa, wasu Kiristocin suka ce ai dama mun faɗa, Katolika sun ajiye Baibul sun kama hikimar mutane, wasu Musulmi suka ce falsafa ƙofar zindiƙanci ce duk inda ta shiga sai ta ɓata aƙida, wasu 'yan boko kuma suka ce ku daina wahalar da kanku, addini da tunani ba sa shan inuwa ɗaya. Kowanne yana da ɗan abin da ya hango, amma duk cikinsu ba wanda ya faɗi abin da cocin ke koyarwa.

Me doka ta tanada, me kuma ake nufi da bangaskiya da hankali?

Dokar cocin ta ce mai neman zama fada sai ya yi aƙalla shekara 6 yana karatu, 2 na falsafa 4 na tauhidi. A Najeriya an saba huɗu da huɗu ne, ga shekarar horon ruhaniya ga ta aiki a fili, shi ya sa za ka ga yaro ya gama ƙaramar seminari ta St. Joseph a nan Zariya ya wuce babba a Kaduna ko Jos, sa'o'insa sun yi digiri sun yi bautar ƙasa wasu har sun yi aure shi yana nan yana fama da jarabawa. Shi kansa bishop ɗin Katolika na Zariya, Habila Daboh, shugabancin babbar seminarin Good Shepherd ta Kaduna ya yi kafin a naɗa shi a 2023. A shekarun falsafar nan manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja, ake karantawa da ilimin ɗabi'a da binciken asalin samuwar abubuwa, har da littattafan mutanen da suka ce babu Allah, da gangan ake sa su a manhaja.

Bangaskiya a wajen Katolika ita ce mutum ya amince da abin da Allah ya bayyana saboda wanda ya bayyana ɗin ba ya ƙarya. Hankali kuma shi ne baiwar da aka halicci kowane ɗan Adam da ita ta lura da kwatantawa da fitar da hukunci, ko yana da addini ko ba shi da shi. Wanda ya yi karatun zaure ba baƙon wannan rabon ba ne, aƙali da naƙali kenan. Matsayin cocin shi ne tunda Allah ɗaya ne ya ba da wahayi ya kuma halicci hankali, to gaskiyar ɗaya ba za ta ƙaryata ta ɗayan ba, in ka ga sun yi karo to ko an yi wa nassi gurguwar fahimta ko an yi kuskure a lissafin hankalin. Babban taron coci na Fatikan na farko ya tabbatar da haka a 1870, Fafaroma Jon Pol na biyu kuma ya rubuta doguwar wasiƙa a kai a 1998, shekarar da ya zo Najeriya karo na biyu, inda ya ce su biyun kamar fukafukai biyu ne da ruhin mutum ke tashi da su zuwa ga gaskiya.

Inda rigimar ta samo asali

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Afirka aka fara wannan dambarwar da zafinta. Wajen shekara ta 200 wani marubuci Kirista mai suna Tatuliyan, a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya yi tambayar da har yanzu ake maimaitawa, wai me ya haɗa Atina da Urushalima, wato me ya haɗa garin masana falsafa da garin annabawa. Agustin ya zo bayansa, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi bishop a Hippo wadda ita ce Annaba ta yanzu, ya mutu a 430. Shi ya ɗauki wata hanya daban, ya ce ka ba da gaskiya don ka fahimta, ka kuma fahimta don ka ba da gaskiya.

Amma babbar girgizar sai a ƙarni na 12 da na 13 ta zo, kuma ta hannun Musulmi ta zo. Yawancin littattafan Aristotal, babban masanin falsafar Girkawan dā, sun ɓace wa Turawan yamma na ɗaruruwan shekaru, alhali a duniyar Musulmi an fassara su da Larabci ana ta sharhi a kansu, Ibn Sina wanda ya rasu a 1037 da Ibn Rushd na Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1198 su ne manya. A garin Toledo na Andalus aka riƙa juya irin waɗannan littattafai zuwa Latin, da suka isa jami'ar Faris sai hankalin shugabannin coci ya tashi, domin ga mutum wanda bai san Baibul ba ya yi bayanin duniya tsaf, kuma yana cewa duniya ba ta da farko. A 1210 aka hana koyar da littattafansa na kimiyyar halitta a Faris. Irin tsoron da ya sa Imam Gazali ya yi wa masana falsafa raddi kenan, har Ibn Rushd ya mayar masa da martani.

Cikin wannan ƙurar Toma Akwinas ya taso, ɗan Italiya, an haife shi wajen 1225, ɗan ƙungiyar malaman coci ta Dominikan. Maimakon ya gudu sai ya zauna ya karance Aristotal da Ibn Sina da Ibn Rushd da malamin Yahudawa Musa bin Maimun, inda ya ga sun yi daidai ya ɗauka ya ambaci sunansu, inda ya ga sun kauce ya yi musu raddi da hujjar hankali. Kar a ɗauka wai masoyin Musulunci ne, ya rubuta kalamai masu zafi a kansa, amma bai ga hakan ya hana shi koyo daga malamansa ba. Bai sha da daɗi ba shi ma, ya mutu a 1274, bayan shekara 3 bishop ɗin Faris ya haramta maganganu 219 kuma wasunsu sun taɓa ra'ayinsa. Sai a 1323 aka ayyana shi waliyyi, a 1879 kuma Fafaroma Liyo na 13 ya umarci makarantun coci su mayar da falsafarsa ginshiƙi. Daga nan manhajar da yaranmu ke bi a Kaduna da Jos ta samo tushe.

Ina hankali ke kaiwa, ina yake tsayawa?

Nan ne ainihin wajen da ake yi wa Katolika rashin fahimta. Akwinas ya raba abin gida biyu. Akwai abin da hankali shi kaɗai zai iya kaiwa, kamar cewa akwai Allah, shi ɗaya ne, ba jiki ba ne, da cewa zalunci mugun abu ne. Akwai kuma abin da ya ce hankali ba zai taɓa kafa hujjarsa ba sai dai a karɓa ta wahayi, kamar Triniti, wato Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da zaman Almasihu mutum. Har gargaɗi ya yi cewa duk Kiristan da ya tashi zai tabbatar da Triniti da hujjar hankali to yana jawo wa addininsa dariya ne, domin wanda bai yarda ba zai ɗauka a kan irin waɗannan raunanan hujjoji Kirista suka dogara. Na so a ce masu kawo misalin ƙwai da ruwa da ƙanƙara don tabbatar da Triniti a wajen muhawara sun san da wannan gargaɗin.

Yadda ya tsara babban littafinsa, Summa, shi ya fi burge ni. Kowace mas'ala da tambaya take farawa, sai ya jero hujjojin abokin hamayya tukuna da ƙarfinsu ba tare da ya rage musu kaifi ba, sannan ya ba da tasa amsar, sannan ya koma ya warware hujjojin ɗaya bayan ɗaya. A mas'alar ko akwai Allah, hujjoji biyu ya kawo na masu cewa babu. Ta farko, in da akwai Allah mai alherin da ba shi da iyaka da ba a ga mugunta a duniya ba, ga shi kuwa ana gani. Ta biyu, duk abin da ke faruwa ana iya bayaninsa ta ɗabi'ar halitta ko ta nufin ɗan Adam, to ina buƙatar a kawo Allah? Ka saurari duk wani matashi da ke cewa ya bar addini a Facebook yau, da wuya ya wuce waɗannan biyun, alhali wani malamin coci ya rubuta su da hannunsa sama da shekara 700 da suka wuce. Bayan su ne ya kawo hanyoyinsa biyar, daga motsi, daga sababi, daga cewa abubuwan da muke gani suna iya kasancewa suna iya rashin kasancewa, daga fifikon daraja tsakanin abubuwa, da kuma tsarin da ke cikin halitta.

Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, wadda ta buɗe da cewa hukuncin hankali uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi, zai ji kamar ya san unguwar nan. Amma akwai bambanci mai daɗin lura. Malaman kalam suna kafa hujja da cewa duniya fararriya ce kuma hankali na iya tabbatar da hakan, shi kuwa Akwinas ya ce a'a, hankali na iya nuna duniya ta dogara ga Mahalicci, amma cewa tana da ranar farawa wannan ta wahayi kaɗai aka sani. Ya fi son ya rasa hujja ɗaya da ya riƙe wadda yake ganin ba ta kai ba.

To in hankali na iya gano Allah, wahayin na mene ne? Amsarsa ita ce da an bar mutane da hankalinsu kawai, 'yan kaɗan ne za su kai, bayan dogon lokaci, kuma da kurakurai cakuɗe a ciki. Manomi da mai talla ba su da shekara ashirin ta zaman karatu.

Baibul kaɗai, ko Baibul da wani abu?

Tun da Martin Luta ya tayar da gyaransa a Jamus a 1517, taken Furotesta shi ne Littafi kaɗai ne hukunci na ƙarshe. Katolika ta amsa a taron Tirent wanda aka fara a 1545, ta ƙara fayyacewa a 1965, cewa abu uku ne ke tafiya tare, Littafi Mai Tsarki, da koyarwar da aka gada hannu da hannu daga manzanni, da ikon bishop-bishop tare da Fafaroma na yin fassara. Hujjarsu ita ce coci ta riga Sabon Alkawari kammaluwa, kuma ba wata aya da ta jero sunayen littattafan da za a karɓa, coci ce ta tantance. Furotesta kuma su ce tantancewa daban mallaka daban, wanda ya gane muryar sarki bai zama sarki ba.

Daga nan maganar yawan littattafan Baibul, 73 na Katolika da 66 na Furotesta, ta fito. Baibul ɗin Katolika ya ɗara da littattafai 7 a Tsohon Alkawari, Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu, waɗanda ke cikin tsohuwar fassarar Girkanci da Kiristocin farko suka yi amfani da ita amma ba sa cikin jerin Ibrananci na Yahudawa. Tunda Baibul ɗin Hausa na farko, na 1932, wanda Dokta Miller na Wusasa ya sa hannu sosai a aikinsa, daga hannun mishan ɗin Furotesta ya fito, Bahaushen Kirista ya tashi da 66 ne, shi ya sa in ya ji 73 sai ya ɗauka ƙari aka yi jiya.

Wajen fassara ma cocin ba ta ɗaukar kowane nassi a zahirinsa. Agustin tuni ya lura cewa a Littafin Farawa sai a rana ta huɗu aka halicci rana, to kwanaki ukun farko da me aka auna su? Ya kuma ja kunnen Kirista kar su riƙa sakin baki kan taurari da halittu da sunan Littafi a gaban wanda ya san abin, don kunyar kan addinin za ta koma. Cocin da kanta ta taka wannan gargaɗin a 1633 da ta hukunta Galileyo kan cewa duniya ce ke zagaya rana, kuma sai a 1992 Jon Pol na biyu ya fito ya amsa cewa alƙalan sun yi kuskure. Wannan tabo ne, ba mai goge shi. Sai dai kuma mutumin da a 1927 ya kawo lissafin cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, wanda ya zama tushen bayanin farkon duniya da ake koyarwa a jami'o'i yau, fada ne ɗan Beljiyam, Joj Lemet.

Abin da masu suka ke cewa

Masu sukar ba wawaye ba ne. Ɓangaren Furotesta suna kawo Kolosiyawa 2:8 inda Bulus ya ce a yi hattara kar wani ya kama ku da falsafa da yaudarar wofi, suna kuma cewa zunubi ya gurɓata hankalin mutum ta yadda in ka sake shi gunki zai sassaƙa maka ya kira shi Allah. Katolika su amsa da Romawa 1:20 cewa ana gane ikon Allah ta abubuwan da ya halitta, da Ayyukan Manzanni 17 inda Bulus ɗin nan dai ya tsaya a Atina yana kafa hujja da mawaƙan Girkawa. Ta ɗaya gefen, masana irin su Kant na Jamus sun ce hujjojin samuwar Allah sun tsallake iyakar abin da hankali zai iya sani. Ni a ganina sukar da ta fi ciwo ita ce wannan, in an riga an yanke cewa hankali ba zai taɓa saɓa wa aƙida ba, to alƙali ne shi ko ɗan aike? Malaman Katolika suna da amsa, cewa an sha gyara fahimtar nassi saboda hujjar hankali, amma wa ke yanke lokacin da za a gyara ɗin, har yanzu coci ce.

Halin kirki: huɗu na kowa, uku na alheri

Wannan rabon na hankali da wahayi shi ya sauko har cikin ɗabi'a. Akwai manyan halaye huɗu da cocin ta ce kowane mutum na iya samu ta horo, Kirista ne ko Musulmi ko Bamaguje, su ne basira wajen yanke shawara, adalci, ƙarfin hali, da kamun kai. Daga Girkawa aka gaje su, suna kuma cikin littafin Hikima 8:7. Sai uku da aka ce kyautar Allah ce ba a samunsu da ƙoƙari, bangaskiya da bege da ƙauna, kamar yadda suke a 1 Korintiyawa 13:13.

Mu mun saba cewa hali zanen dutse, malaman Katolika kuma suka ce da maimaici ake zana shi. Ɗauki mai awon masara a kasuwar Sabon Gari, yana da tiya biyu, ɗaya an ɗan bubbuga gindinta ta shige ciki. Ranar farko da ya ajiye ta ya auna wa baƙuwar da ba za ta taɓa ganewa ba da cikakkiyar, zuciyarsa sai ta yi masa lissafin abin da ya rasa. A wajen Akwinas wannan bai zama adali ba tukuna, aikin adalci dai ya yi. Sai ranar da hannunsa ya riƙa kai wa cikakkiyar tiyar da kansa ba tare da gardamar zuci ba, har abin ya koma yi masa daɗi, sannan ake cewa ya mallaki halin. Game da ƙarfin hali kuwa cewa ya yi jurewa ta fi kai farmaki wuya, ita ce babban aikinsa, maganar da duk wanda ya tashi da kalmar haƙuri zai gane.

Nan ma akwai tsohuwar rigima, ko da bangaskiya kaɗai ake samun ceto ko har da ayyuka, Furotesta sun riƙe Afisawa 2:8 Katolika sun riƙe Yakubu 2:26. A 1999 Katolika da Lutaran, mabiyan Martin Luta, suka sa hannu kan matsaya guda a Jamus cewa ceto da alherin Allah ne, ayyukan kirki kuma 'ya'yansa ne. Labarin bai iso wa masu wa'azin cikin mota ba har yau.

Ina ruwan talaka da wannan duka?

Na farko asibiti. A garin da wani zai ce wa mai ciwon suga ya zubar da magani don shan magani rashin bangaskiya ne, koyarwar da ta ce hankali baiwar Allah ce tana iya ceton rai. Sirak 38, ɗaya daga littattafan nan bakwai, cewa ya yi ka girmama likita, in ka yi ciwo ka yi addu'a sannan ka ba likita wurinsa. Fadan da ya san karatunsa zai shafa wa mara lafiya mai ya yi masa addu'a, ya kuma ce a wuce da shi asibitin Shika.

Na biyu zaman tare. Akwinas ya lura cewa da wanda bai yarda da littafinka ba, jawo masa aya ba ta da amfani, sai dai ku koma ga hankalin da kuka yi tarayya a kansa. A gari irin Zariya, inda Tudun Wada da Wusasa da Sabon Gari da cikin birni ke cin kasuwa ɗaya, wannan ne filin da za a iya maganar cin hanci da haƙƙin maraya da albashin lebura ba sai wani ya bar addininsa ba. A 1965 cocin ta fitar da matsaya cewa ba a tilasta wa kowa addini, ta kuma ce tana duban Musulmi da girmamawa, wanda ci gaba ne babba in ka tuna shi kansa Akwinas ya goyi bayan a kashe ɗan bidi'ar da ya ƙi tuba.

Inda abin ke yin tsami shi ne in cocin ta ce wani hukuncinta na hankali ne da ya hau kan kowa, mutane kuma su duba su ce mu namu hankalin bai nuna mana haka ba. Hana magungunan tsarin iyali da Fafaroma Pol na shida ya jaddada a 1968 misali ne, Katolika da yawa a duniya ba sa bi. Mu a nan wanda ya fi taɓa mu shi ne auren mace fiye da ɗaya. Akwinas da kansa ya yarda cewa bai rushe manufar aure ta farko ba, wato haihuwa da renon 'ya'ya, sai dai ya ce yana wahalar da zaman lafiyar gida, sannan ya saɓa wa aure a matsayin alamar Almasihu da ikilisiyarsa guda ɗaya, kuma wannan hujjar ta ƙarshe ta bangaskiya ce tsantsa, wanda ba Kirista ba ba ta hau kansa ba. Dokar cocin ta ce mai mata da yawa da ke son baftisma sai ya zauna da ɗaya, ya kuma tabbatar sauran da 'ya'yansu ba su tagayyara ba. A ƙauyukan da ke kewaye da mu katikis, mai koyar da addini a coci, ne ke zuwa ya faɗa wa dattijo mai mata biyu da jikoki wannan maganar, kuma akwai waɗanda ke zaɓar su ci gaba da zuwa coci kowace Lahadi ba baftisma ba Jibin Ubangiji, da dai su sallami uwar 'ya'yansu.